Muna Rigimar Nama, Ciwo Yana Cinta

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don wadda abin ya faru da ita ba jinina ba ce, kuma ba addininmu ɗaya ba. Maƙwabciyata ce a unguwar Deptford a London, ƙofarta na kallon tawa a benen council, wato na ƙaramar hukuma, da muke zaune. Amma abin da ya same mu zai iya samun duk mai tsoho a gida, shi ya sa na ga gara in faɗa.

Sunanta Lien, mutuniyar Vietnam, ni kuwa Mama Lien nake ce mata. Ita kuma sunana Rakiya ya yi mata nauyi a baki, sai ta yanke shi ta koma kirana Kiya. Tun tana matashiya ta zo London da mijinta, ta yi shekaru tana ɗinki a wata masana'anta har idonta ya gaza. Lokacin da maigidana ya samu aikin rediyo muka tare a flat ɗin, ina da tsohon ciki, ba uwa ba ƙanwa a kusa. Kwana kaɗan da haihuwata sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Wata 'yar tsohuwa ce, tsayinta bai wuce kafaɗata ba, riƙe da kwanon faten shinkafa mai ƙamshin citta.

Ta ga ina kallon kwanon ina kallonta, ta gane abin da ke raina. Ta kama hannuna ta ja ni har kicin ɗinta, ta buɗe firji. Ganye ne, da karas, da lemar kwaɗi irin wadda suke ci, da wani farin abu a cikin ruwa. Na duba da kyau na ga awara ce, irin tamu ta waken suya. Na yi dariya na ce ashe har nan ta iso. Ta ce ai daga wajensu ta taso.

A hankali, da guntun Turancinta da nawa, na fahimci tsarinta. Addinin Buddha take bi. Da can, kamar yawancin mutanensu, ranar tsayuwar wata da ranar cikarsa kawai take barin nama. Da mijinta ya rasu sai ta je ɗakin ibadarsu ta ɗauki alkawarin bari har mutuwa: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba wani abu da sai an cire rai kafin ya zo tukunya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne albasa da tafarnuwa da danginsu, su ma ba ta ci. Ta ce malamansu sun ce suna zafafa jini, suna tayar da fushi da sha'awa, zuciya ta kasa natsuwa wajen ibada. Na ce mata mu kam a Kano miyar da ba albasa sai gidan da aka yi ɓari.

Shekara da shekaru muka yi a haka. Gidanta ne kaɗai a duk unguwar 'ya'yana ke shiga su ci abinci ban tambayi me aka sa ba. Da azumi takan aiko da kankana yankakkiya dab da magariba. Da Sallar layya nakan rufe tagar kicin idan ina suya, in kai mata dabino da gyaɗa.

A ƙarshen bazara na fara lura da ita. Lif ɗinmu ya lalace, kamar yadda ya saba, sai na riƙa samunta zaune a kan matakala da jakar cefane a gefe tana haki. Matar da ke riga ni hawa. Na kama hannunta na ga tafin ya yi fari fat, na ja fatar idonta, nan ma fari. Na kira ɗanta Tuan, shi kaɗai gare ta, yana aikin kwamfuta a Reading. Tun kafin in gama bayani ya ce ai ya sha faɗa mata, mutum ba zai rayu a kan ganye ba.

Mun yi fiye da mako muna buga waya asibitin unguwa da sassafe, layi ya cika, a ce mu sake gwadawa gobe. Da muka samu, ta waya likitan ya gan ta. Aka aike mu gwajin jini, sakamako ya fito, jininta ya yi ƙasa sosai. Ni na riƙe mata wayar ranar da ya kira, don kunnenta ba ya kama Turanci ta waya. Ya tambayi me take ci. Na ce ba ta cin nama ko kaɗan, shekaru sun fi goma. Ya ce to ga dalili nan, ya rubuta maganin ƙarin jini, ya ce a sake gwaji bayan wata uku. Ni ma na gyaɗa kai, don abin da ke raina ya faɗa.

Maganin ma sai da aka yi rigima. Ya zo a ƙwanso, ta juya shi ta tambaye ni da me ake yin ƙwanson. Wannan kam na san shi, don mu ma muna gudunsa: da ƙashi da fatar dabba ake haɗa shi. Na koma wajen mai magani aka canza mata na ruwa.

Daga nan gidan ya koma fagen rigimar nama. Duk ƙarshen mako Tuan zai zo da leda, yau hanta, gobe romon sa daga wani gidan abinci na mutanensu a High Street. Sai in ji muryarsa ta bango yana faɗa da yarensu. In ya tafi in tarar da ledar rataye a ƙofarta ta waje, ko ɗakin ba ta bari ta kwana ba.

Ni ma ban zauna haka ba. Na faɗa wa Innarmu a waya, ta ce hanta mai ɗan jini-jini ita ce magani, in ta ƙi a ba ta zogale da zoɓo ba sukari. Zogalen na samu busasshe a shagon 'yan Ghana, ta karɓa tana sha don ta faranta mini. Wata Juma'a a masallacin Regent's Park na ba Hajiya Binta labari, wadda ta girme mu duka a zaman London. Ta ce in tace romon ƙashi in dafa mata shinkafa da shi, ai ba za ta gane ba, ceton rai ne. A makon nan Tuan ya tare ni a matakala shi ma ya roƙe ni in yi hakan, ya ce daga hannuna kaɗai take karɓar abinci ba ta shinshina ba.

Na kai maganar gaban maigidana, har na fara karkata. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Da ke ce a kwance, ta ɗiga miki man alade a fate don ki warke, za ki yafe mata?"

Ban sake tayar da zancen ba. Amma ban daina matsa mata ta baki ba. Na ce mata mu a addininmu lalura tana halatta abin da aka hana, ai nasu ma ba zai rasa irin wannan ba. Har Tuan ya ɗauko wata malamarsu daga ɗakin ibada, mace mai askakken kai da doguwar riga ruwan toka. Malamar ta zauna ta yi mata magana a hankali. Tuan ya fassara mini cewa ta ce alkawarin yana da sassauci ga mara lafiya, kuma mabiya Buddha a wasu ƙasashe, kamar Thailand da Sri Lanka, suna cin nama, har masu zaman ibadarsu suna cin abin da aka zuba musu a kwano muddin ba don su aka yanka ba. Mama Lien ta saurara har ƙarshe, ta sunkuyar da kai ta gode mata. Bayan sun fita ta juyo gare ni.

"Kiya, ni na san ciwo. Kaza ma ta sani. Ba zan sayi kwana da ranta ba."

Haka kaka ta wuce, hunturu ya shigo. Ta daina zuwa kasuwa kullum, ta koma aiko ni. Wandunanta suka yi mata yawa, ta riƙa ɗaure su da igiya. Wata rana na gan ta ta dafe ciki a jikin sink ɗin wanke-wanke, na tambaya, ta ce ba komai. Wata rana kuma ta ce mini bayan gidanta ya yi baƙi. Na duba takardar maganin na ga an rubuta yana sa haka, na ce mata kada ta damu. Gwajin da aka ce a sake, an sa mana rana, aka yi cancel, wato aka soke, saboda ƙarancin ma'aikata, aka ba mu wata rana can gaba. Ba wanda ya tsananta, don duk mun riga mun yanke wa ciwon suna.

Wata Asabar da hantsi ta matsa sai ta bi ni kasuwa, tana son ta zaɓi kabewa da hannunta. A gaban mai kayan miya ta sulale. Ban ma ji faɗuwarta ba, don ba ta da nauyin da za ta yi ƙara. Motar asibiti ta kai mu, muka wuni a kan gado mai taya a baranda, mutane jere har bakin ƙofa. Da yamma ta kawo jiki aka ce sai an ƙara mata jini. Ta ɗago kai ta tambayi nas ɗin ko mai jinin ya mutu. Nas ɗin, wata 'yar Jamaica mai fara'a, ta ce yana nan lafiya, da ƙafarsa ya zo ya bayar, an ba shi shayi da biskit ya tafi. Sai ta miƙa hannu.

Aka kwantar da ita. Aka yi hoto, bayan kwanaki aka zura mata kyamara ta ƙasa. Ranar da sakamako ya fito wata likita ta kira ni da Tuan wani ɗan ɗaki. Ta ce ciwon daji ne a babban hanji, ya daɗe yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, kuma ya taɓa hanta. Tuan ya tambaye ta ko rashin cin nama ne ya jawo. Ta girgiza kai ta ce, "It was never about the meat." Wato tun farko ba maganar nama ba ce. Ta ƙara da cewa duk tsohon da jininsa ya yi ƙasa haka, ko me yake ci, sai an bincika ta ina yake zuba. Ashe tulu ne ke yoyo, mu kuwa muna ta gardamar wane ruwa za a ƙara masa.

Tuan ya fita. Na same shi a wajen ajiye motoci ya kifa kai a kan sitiyari.

Zaman asibitin ya zo da tasa wahalar. A takardar abinci akwai gurbin marasa cin nama, aka yi mata alama a nan. Amma duk abin da aka kawo, miya ce ko taliya, da albasa da tafarnuwa aka fara shi. Ta buɗe murfi, ta shinshina, ta mayar. Aka rubuta a fayil ɗinta cewa tana ƙin abinci, har wani ya fara zancen ko hankalinta ya taɓu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bayani, kowane canjin aiki sai na sake daga farko. Wasu su saurara, wasu su ce ai vegetarian ne, ba nama a ciki, me kuma take so. Wata ma'aikaciyar abinci ce, Allah Ya saka mata, ta zauna da mu ta rubuta komai da babban baƙi ta manna a kan gadon, ta samo mata madarar ƙarin ƙarfi da ba komai na dabba sai nono, wanda shi tana sha.

Sauran kuwa ni na ɗauka. Na sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi na ware mata. Ranar farko na tsaya a kicin kamar amaryar da ba ta taɓa girki ba. Ba albasa, ba nama, ba dunƙulen ɗanɗano, don shi ma da na karanta jikinsa akwai garin albasa. Innarmu ce ta fitar da ni. Ta ce su da suna yara a ƙauye wa ya san dunƙule, daddawa ce da gishiri. Na yi miyar kuɓewa ɗanya da daddawa da 'yar citta, na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi kamar na jariri. Na hau bas da kwanon a cinyata. Ta buɗe, ta shinshina, ta dube ni. Na ce mata daddawa ce, 'ya'yan itace ne aka dafa aka bari suka kwana, ba rai a ciki. Ta ci loma huɗu ko biyar, abin da ba ta yi ba tun kwanciyarta. Bayan haka na riƙa kai mata kunun gyaɗa da safe, awara da ruwan kabewa da rana. Matan ɗakin ibadarsu su ma suka raba kwanaki a tsakaninsu.

Aikin da za a yi mata an ɗaga shi sau biyu saboda rashin gado. Da aka yi, likitar ta gaya mana gaskiya cewa don a buɗe hanya ne kawai, ba don a warkar ba. Aka gwada maganin nan na ƙarin ruwa mai kashe ciwon daji, zagaye na farko ya kwantar da ita warwas, bakinta ya yi gyambo, ko kunu ba ya wucewa. Ta ce ya isa haka, a mayar da ita gida.

Ana cewa magani kyauta ne a ƙasar nan, kuma gaskiya ne, ba a taɓa ce mana kawo ba. Amma jinya ba ta san kyauta ba. Tasi zuwa da dawowa, hita da ba a kashewa dare da rana, Tuan ya ɗauki hutu ba albashi ya dawo ɗakin da ya tashi a ciki, ni kuma na rage ranakun aikina a makarantar yara. Masu kula da council ke turowa suna zuwa a gurguje, kullum sabuwar fuska. Wata ta buɗe mata gwangwanin kifi da kyakkyawar niyya, ta ce ai kifi ba nama ba ne. Amma a cikinsu akwai wata 'yar Somaliya da ke wuce lokacinta tana shafa mata mai a ƙafa. Nas-nas masu zuwa gida don rage raɗaɗi kuwa ba ni da abin cewa a kansu sai godiya.

Wata rana da la'asar ina goge mata baya da ruwan ɗumi, Tuan ya fita sayayya, na kasa haƙuri na tambaye ta tun yaushe cikin ke mata ciwo. Ta ce tun kafin sanyi ya shigo. Na ce me ya hana ta faɗa mana.

"In na ce kaina, ku ce nama. In na ce ƙafata, ku ce nama. Sai na gaji, Kiya."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta ma juyo ta dafa hannuna. Na gama goge ta, na sa mata riga, na shiga banɗakinta na kunna famfo don kada ta ji ni.

A makonnin ƙarshe ba ta cin komai sai ruwan shinkafa a cokali. Akwai ƙaramar rediyo a gefen gadonta da ke maimaita karatun ibadarsu ƙasa-ƙasa. In lokacin salla ya yi nakan tsallaka gidana in yi in dawo, wani lokaci ita ke tuna mini da ido. Ta cika wata safiya a farkon bazara, Tuan na riƙe da hannunta, malamarsu na gefe. Malamar ta roƙe mu kada a yi kuka da ƙarfi, kada a motsa ta sai an jima, haka al'adarsu take. Na koma gidana na yi nawa kukan.

Abin da nake son mai karatu ya ɗauka shi ne wannan. In tsohonka ya fara fari yana haki, aka ce jininsa ya yi ƙasa, kada ka yarda a tsaya a kan abin da yake ci ko abin da ba ya ci. Ka tambayi ta ina jinin ke tafiya, ka nace a duba bayan gida, ka nace a ga likita ido da ido. In aka yi cancel ka sake bugawa gobe da jibi. Kuma in mara lafiya yana da abin da ya riƙe na addininsa ko al'adarsa, ka faɗi ra'ayinka sau ɗaya ka bar shi. Mu mun yi ta faɗa har muka rufe mata baki. Likitar ba ta ce da an gano da wuri za ta tashi ba, ta ce dai da an samu abin yi fiye da wanda aka samu. Rai na Allah ne, na sani. Amma watannin nan suna nan a wuyana.

Bayan an gama jana'izarta council suka ba Tuan ɗan lokaci ya kwashe kaya. Ran nan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce a al'adarsu iyalan mamaci kan bar nama kwana arba'in da tara, ladan ya tafi ga wanda ya rasu, kuma ya ɗauka zai yi mata. Sai dai tun da ya fara burodi da ayaba kawai yake ci, bai san yadda ake dafa komai nata ba. Ya tambaya ko zan nuna masa.

Muka shiga kicin ɗinta, rabin kayan duk a kwali. Na nuna masa yadda take matse awara a tsumma kafin ta soya, da yadda take fara miya da citta da wata ciyawa mai ƙamshin lemo a inda mu za mu sa albasa, da lokacin da take zuba kabewa. Duk abin da ta koya mini a tsaye a wurin nan, ni Bahaushiya, shi nake koya wa ɗanta. Da miyar ta nuna na zuba masa a kan shinkafa. Kujerun an riga an ba da su, sai ya jingina da bango ya ci a tsaye. Ya yi nisa da ci kafin ya yi magana.

"Anti, duk zuwan da na yi sai ta ce in zauna in ci. Ni kuma in ce na ci a hanya."

Na karɓi kwanon na ƙara masa miya.